Hanyar Goro, Hanyar Matuƙa: Daga Kano Zuwa Sabon Ibadan

Duk wanda ya tashi daga Kano ya nufi Ibadan a mota, ko ya sani ko bai sani ba, sai ya gifta ta kusa da makarantu uku da Nijeriya ke yaye matuƙan jiragen yaƙinta. Ɗaya tana Kano, jikin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ɗaya tana Kaduna, a Mando. Ta ukun tana Kainji, inda hanya ke ɓallewa dama in an isa Makwa. Kusan wannan hanyar ce kuma fataken shanu da na goro suka yi ta bi tun zamanin kakanni, har ta haifar da unguwar Sabo a tsakiyar Ibadan, inda ɗaurin auren ɗan yayata ya kai ni.

Daga Kurna muka tashi bayan sallar asuba, bas guda cike da 'yan ɗaurin aure, but kuwa an danƙare shi da gero da kuka da daddawa na tsaraba. Mutanen Kurna da Rijiyar Lemo da Fagge ba sai an ba su labarin ƙugin jiragen horo ba. Wanda ya yi ƙuruciya a waɗannan unguwanni ya saba ganin ƙananan jirage biyu ko uku sun jero kafaɗa da kafaɗa suna kewaya gari, yara na bin su da ihu a lungu. Makarantar da suke tasowa daga cikinta an daɗe ana kiranta da lamba 303, yanzu kuma 403, kuma titin da jirgin alhazai ke tashi a kai shi ne nasu.

Kano ta daɗe da sanin jirgin soja. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a filin sukuwa bayan doguwar tafiya daga Masar, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Su ne jiragen da suka fara sauka a ƙasar nan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma Kano ta zama zango. Ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan har Alƙahira. Duk wannan zirga-zirga ta baƙi ce, 'yan ƙasa nasu kallo da dako.

Abin ya sauya ne a 1967. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli, Biyafara na da wani tsohon jirgin jefa bom ƙirar B-26, gwamnatin tarayya kuwa ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya, sai na koyo da na ɗaukar 'yan saƙonni. Ingila da Amurka suka ƙi sayar mata, Janar Yakubu Gowon ya juya wajen Tarayyar Sobiyet. Cikin watan Agusta manyan jiragen dakon kaya suka riƙa sauke MiG-17 da MiG-15 a Kano, ga kuma L-29 Delfin daga Cakoslobakiya. Jirage sun samu, masu tuƙa su ne babu isassu, dole aka nemo matuƙa daga Masar da sojojin haya daga wasu ƙasashe. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a ranar muka fafe. Shi L-29 asalinsa jirgin koyo ne mai kujera biyu, wanda ƙasashen ƙawancen Sobiyet suka zaɓa a 1961 don horar da matuƙansu, amma aka ɗaura masa rokoki aka tura shi fagen fama. Da ƙura ta lafa a 1970 sai ya koma aikinsa na asali, kuma a kansa ne makarantar Kano ta yaye matuƙan jet nata na farko.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kaduna ta Kawo. A nan tushen yake. Sojojin Nijeriya da suka je aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango da Tanganyika a farkon shekarun 1960, jiragen wasu ƙasashe ne suka yi ta jigilarsu, abin da ya sa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ga lallai sai ƙasa ta mallaki nata. A 1962 aka tura samari goma Habasha koyon tuƙi, a 1963 wasu goma sha shida suka tafi Kanada, shida kuma Indiya. Majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar sojan sama a watan Afrilu 1964, aka damƙa renonta a hannun Jamus ta Yamma. Kanar Gerhard Kahtz ne ya fara shugabantarta, sai Kanar Wolfgang Thimmig, wanda ya tuƙa jirgin yaƙi na dare a Yaƙin Duniya na Biyu. Juyin mulkin Janairu 1966 ya kawo ƙarshen zamaninsu, George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Reno bai kai ko'ina ba mai reno ya tafi, shi ya sa yaƙi ya same mu hannu rabbana.

Makarantar Mando, mai lamba 401 yanzu, ita ce ajin farko. A nan ake ɗora ɗalibi a ƙaramin jirgi mai farfela a ga ko cikinsa zai ɗauka, ko hannunsa da ƙafarsa da idonsa za su yi aiki tare, har ranar da malami zai sauka ya ce masa tashi kai kaɗai. Jiragen da suka yi wannan aiki sun isa a karanta tarihin hulɗar ƙasar nan da duniya: Piaggio na zamanin Jamusawa, Bulldog na Ingila a shekarun 1970, sai Air Beetle da aka riƙa harhaɗawa a nan Kaduna a shekarun 1990, yanzu kuma Super Mushshak na Pakistan da Diamond na Ostiriya. Wanda ya tsallake wannan mataki aka ga ya dace da jirgin yaƙi, shi ake turawa Kano.

Da can daga Mando sai a miƙe ta Birnin Gwari da Tegina. Direbanmu ko kallon wannan hanya bai yi ba. Ya ce, "Alhazai, gara mu daɗe mu isa." Ba wanda ya musa masa. Muka bi ta hanyar Abuja, muka karya ta Lambata da Bida, ramuka da tireloli suka cinye mana yini. Dajin da muka kauce wa shi ne wanda jiragen yaƙi ke yi wa shawagi shekarun nan. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a tsakanin Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya ja igiyar kujerar tsira ta cilla shi waje, ya sauka da lema, ya ɓuya har dare, ya bi daji da taimakon wayarsa har ya isa wajen sojojin ƙasa. Jan igiyar nan daƙiƙa ɗaya ne, amma sai da wani malami ya sa shi ya maimaita har hannunsa ya haddace.

A Makwa muka yi magariba da isha, muka ci tuwon shinkafa da kifi. Daga nan hanyar Sabuwar Busa ke tafiya, inda madatsar ruwan Kainji take tun 1968, kusa da ita kuma sansanin da ake koya wa matuƙi yaƙi kansa: harbi, da jefa bom, da kare sojan ƙasa daga sama. Gidan Alpha Jet ke nan, jirgin haɗin gwiwar Faransa da Jamus, wanda Nijeriya ta sayi 24 a farkon shekarun 1980. Su ne suka yi yaƙin Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, su ne kuma suka ɗauki nauyin farkon yaƙi da Boko Haram bayan sun tsufa. Tun 2021 Super Tucano goma sha biyu da aka sayo daga Amurka suka tarar da su a can.

Cikin dare muka haye Kwara a Jabba, muka kwana a Ilori, da safe muka ratsa Ogbomosho. Garin mahaifin Kanar Shittu Alao ke nan, wanda ya shugabanci sojan sama daga 1967. Bayerabe ne ta uba, amma a Dorowa Babuje ta ƙasar Filato aka haife shi a 1937, a Arewa ya tashi. Shugaba ne da bai yarda da zaman ofis ba. Ranar 15 ga Oktoba 1969 yana tuƙa L-29 shi kaɗai, yanayi ya ɓaci, ya nemi saukar gaggawa a Uzebba, arewa da Benin, jirgin ya faɗi ya rasu yana da shekara 32. Barikin soja na Keffi sunansa yake ɗauke da shi. Na yi ta tunanin mutumin nan da muka doshi Ibadan, domin can ma 'ya'yan wasu ne da aka haifa nesa da garin iyayensu za su tarbe mu.

Ibadan daga kan tudu ake fara ganinta, jan kwano mai tsatsa iya ganinka, dogon ginin Cocoa House na 1965 ya yi fice a wajen Dugbe. Muka gangara ta Mokola, sai kawai kunne ya sauya. Mai shayi na kiran yaronsa da Hausa, 'yan canji na tare motoci suna kaɗa hannu, hayaƙin tsire ya turnuƙe bakin titi, teloli sun duƙufa kan aikin wuyan manyan riguna. Filin wasa na Adamasingba na gefe guda, barikin Mokola na ɗaya gefen. Lungunan ciki ƙanana ne, kwata na bin tsakiya, gida na jingine da gida, kowane 'yan taku sai masallaci ko makarantar allo. Yaran unguwar da Hausa suke faɗa, da Yarabanci suke ciniki, ba ka jin inda suka sauya.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, 'yan shekaru bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano. Wani masanin halayyar al'umma, Abner Cohen, ya zauna a cikinsu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. A lokacin mutanen unguwar dubu huɗu ne da 'yan kai, amma cinikin shanu daga Arewa da na goro zuwa Arewa a hannunsu yake. Ba banki, ba takardar yarjejeniya. Falke ya kawo shanu ya sauka gidan maigida, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, in mahauci ya ci kuɗi maigida ne zai biya. Goro kuma yaran maigida ne ke shiga ƙauyuka su tara, a tsince, a jera a ganye, a ɗaure huhu a ɗora a jirgin ƙasa. A farkon shekarun 1950 unguwar ta rungumi ɗarikar Tijjaniyya ta ware masallacin Juma'arta, zumuncin ya ƙara ƙulluwa.

Uban amarya jikan irin waɗannan masu gida ne, ko da yake shi yanzu canji yake yi. Bayan an shafa fatiha an raba goro da alawa, muna zaune a rumfar ƙofar gidansa nake ba shi labarin hanyar da muka biyo da abin da ya ɗauki hankalina. Ya yi dariya ya ce, "Ashe kai ma irin Baba ne. Bari in kira maka shi, ku ƙarata." Ya aika yaro, sai ga wani dattijo siriri da sanda, tafiyarsa a miƙe. Haifaffen Sabo ne, ya shiga sojan sama yana saurayi, ya yi mafi yawan aikinsa bakaniken jirgi a Kano, da ya yi ritaya ya dawo gidan ubansa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, an ce kun taɓa L-29 da hannunku."

Ya ce, "Ƙarshensa na tarar, Malam. Nawa L-39 ne."

Shi L-39 Albatros ƙanin L-29 ne, kamfanin Aero Vodochody na kusa da Firag ne ya ƙera su duka. Ya fara tashi a 1968, Nijeriya ta karɓi 24 a tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Ibrahim Alfa ke shugabancin rundunar, kusan lokaci ɗaya da MB-339 goma sha biyu daga Italiya. Injinsa guda ne, a Zaforijiya ta Yukren ake yin sa, gudunsa na kai kilomita 750 a awa. Samfurin da muka saya yana da bindiga a ƙarƙashin ciki da maratayan makamai huɗu a fukafukai, don haka da shi ake koyo, da shi kuma ake iya kai farmaki.

Dattijon ya jawo kujeru biyu ya jera ɗaya bayan ɗaya, ya zaunar da ƙanin amarya a ta gaba, shi ya tsaya a bayansa. Ya ce ɗalibi a gaba yake, malami a baya, kujerarsa ta ɗan fi tsawo don ya hango titi ta saman kan yaron. Duk sandar da ɗalibi ya riƙe akwai irinta a hannun malami, in ɗaya ta motsa ɗayar ma ta motsa. Sannan malami na da wasu maɓallai a wajensa da zai taɓa ya sa agogon gaban ɗalibi ya yi masa ƙarya, na tsawo ko na gudu ko na karkata, don ya ga yaron zai gane ko zai bi agogo ya hallaka. Ya daki kafaɗar yaron ya ce, "Kai kana zufa, shi yana kallon ƙeyarka."

Daga nan ya jero abin da ake koya a Kano: juyi da wuntsila a sama har jini ya sauka ƙafa ido ya yi duhu, tuƙi da agogo kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba, tashi a jere fiffike kusa da fiffike, bin taswira zuwa gari mai nisa, da tashin dare. Ya ce hazon hunturu na Kano shi kansa malami ne, ranar da ya sauka ko hasumiya ba ka gani daga inda jirage ke fakawa. Wanda ya gama lafiya a liƙa masa fiffike a ƙirji, ya wuce Kainji.

Amma inda muryarsa ta fi ɗagawa shi ne aikin ƙasa. Kullum da sassafe sai su jeru sahu guda su taka filin a hankali, ido a ƙasa, suna tsince tsakuwa da ƙusa da guntun waya, domin abu kamar ƙwayar gyaɗa in injin ya zuƙe shi ya gama da shi. Kowace sifana tana da gurbinta a akwati, in aka tashi aiki aka ga gurbi ɗaya ba komai, ba jirgin da zai tashi sai an gano ta. Bayan dubawa bakanike ya sa hannu a littafin jirgi, matuƙi ya zo ya zagaya ya sa nasa. Ya ce, "Sa hannun nan rantsuwa ce. Yaron bai ga abin da na ɗaure a ciki ba. Ni ya yarda da ni, ni kuma wanda ya koya mini na yarda da shi."

Uban amarya ya ce, "To, Baba, ai wannan gidan kakana ka ke faɗa."

Gaskiyarsa. A Sabo yaro kan fara da shara da kai wa baƙi abinci, ya koma bin dillali, ya koyi duba haƙorin sa da gane goron da tsutsa ta shiga, ya san mahaucin da ke biya da wanda ke kwana da kuɗin mutane. In ya nuna amana maigida ya yi masa aure, wata rana shi ma ya buɗe gidan baƙi ya ɗauki yara. Kuɗi na iya sayen garke a yini ɗaya, amma ba sa sayen mutumin da falke zai bar wa dukiyarsa ya koma Sakkwato ya yi barci. Haka matuƙi. Sai ya gama koyo, ya yi shekaru yana tara awoyi a sama, sannan a mayar da shi aji a koya masa koyarwa, kafin a ba shi kujerar baya. In wannan igiya ta tsinke a tsakiya, ko yau aka sauke sabbin jirage ɗari ba za su ƙulla ta ba.

Ta kuwa tsinke. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 da rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995, ƙasashen Turai suka ƙaƙaba wa Nijeriya takunkumin makamai. Kuɗin gyara ya ja baya tun kafin nan. Jiragen Jaguar goma sha takwas da aka sayo daga Ingila a shekarun 1980 ba su yi wani dogon aiki ba aka ajiye su, MiG-21 da suka zo a 1975 su ma suka bi baya. Dattijon ya ce a Kano sai ka cire abu a jikin wannan ka sa wa wancan, yau jirage shida ke tashi, baɗi uku, har ka ga layi guda an lulluɓe da tamfol ciyawa na fitowa ta ƙarƙashin taya. Malamai suka yi ta ajiye aiki suna komawa kamfanonin jiragen fasinja. Samari suka fito daga makarantar hafsoshi da sunan matuƙa, suka yi shekaru suna jiran layi a ofis. Ya ce, "Ranar da jirgi bai tashi ba, ba jirgin ne ya yi asara ba."

Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani sai ƙasa ta sake samun kanta inda take a 1967, ana neman matuƙa ido rufe. Har L-39 ɗin makaranta aka ɗaura wa makamai aka tura Arewa maso Gabas, kamar yadda aka yi wa yayansa. A zamanin Sadique Abubakar, ɗan Azare, wanda ya riƙe rundunar daga 2015 zuwa 2021, aka tayar da wasu daga cikin jiragen Kano da taimakon kamfanin da ya ƙera su, aka ware wa horon tuƙi hedikwatarsa a Kaduna, aka kuma tura ɗalibai da yawa Amurka da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe don rage layi. Cikin waɗanda suka fito akwai Kafayat Sanni, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi a Nijeriya, wadda ta fara a Mando ta ƙarasa a Amurka. Ranar 15 ga Oktoba 2019 aka liƙa mata fiffike, shekara 50 cif da faɗuwar Shittu Alao. A 2021 JF-17 uku suka iso daga Pakistan, daga baya kuma aka ƙulla cinikin M-346 guda 24 da Italiya.

Horo a waje yana toshe ɓaraka, amma tsadarsa ba kaɗan ba ce, kuma ranar da mai makarantar ya yi fushi da kai ya rufe ƙofa. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, mutane masu yawa suka mutu har da ma'aikatan agaji, rundunar ta amsa cewa kuskure ne. An sake jin irin wannan kuka daga ƙauyukan Arewa bayan nan. Kuskure irin wannan yana iya farowa daga mai ba da rahoto ko mai ba da umarni, amma yatsan ƙarshe na matuƙi ne. Mu da ƙauyukanmu ke ƙarƙashin waɗannan fukafukai mun fi kowa buƙatar a ce wanda ke sama ya sami malami na ƙwarai da isassun awoyi, ya kuma koyi cewa fasa harbi in ana shakka shi ma aiki ne. Shi ya sa in ana murnar sabbin jirage, ni tambayata malamai nawa ne a Kano, kuma jirage nawa ne suka tashi da ɗalibai a wannan makon.

Kashegari ƙanin amarya ya ɗauke ni a babur ya zagaya da ni. Muka bi ta Sango zuwa Samonda, kusa da Jami'ar Ibadan, inda tsohon filin jirgin garin yake kafin a koma Alakia a 1982. Yanzu gidaje ne da kantuna, ba abin da zai nuna maka jirgi ya taɓa sauka. Ya ce akwai makarantar sakandaren sojan sama a Iyana Offa, hanyar Iwo, ya so shiga bai samu ba. Yana ajin ƙarshe a wata makarantar gwamnati, kuma tun jiya da Baba ya zaunar da shi a kujerar gaba bakinsa bai huta ba. Da muka tsaya shan lemo ya ce, "Kawu, in zan nemi makarantar hafsoshi ta Kaduna, wace jiha zan rubuta?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. Gurbin shiga makarantar jiha-jiha ake raba shi, kuma sai da takardar shaidar ƙaramar hukumar asali. Yaron nan a Sabo aka haife shi, a Sabo aka haifi ubansa, kakan ubansa ne ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Katsina yana bin shanu. Yarabancinsa ya fi na wasu 'yan Mokola, ƙauyen kuwa a hoto ma bai san shi ba. Dubban yara a Sabo da Shasha da Ojoo haka suke, haka kuma 'ya'yan Yarabawa da Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano. Rundunar da wani haifaffen Filato ɗan Ogbomosho ya jagoranta a tsakiyar yaƙi tana buƙatar irin waɗannan yara masu harshe biyu da gida biyu, amma kafin a auna idonsu da lissafinsu sai sun warware wannan ƙulli.

Da muka koma gida na mayar wa ubansa da maganar. Ya yi shiru, sannan ya dubi yaron ya ce, "Kai dai ka ci lissafi da kimiyya da Turanci, ka kuma daina kallon waya cikin duhu kada ka kashe idonka. Takarda aikin manya ce." Dattijon ya ƙara da cewa in ma tuƙin bai samu ba, kowane matuƙi guda akwai mutane da yawa a ƙasa da ke riƙe da ransa, kuma ba wanda ya fi wani. Daga nan uban amarya ya juyo gare ni. Tunda ni ne zan koma Arewa, ni aka ɗora wa zuwa ƙauyen in nemi dagaci, in ambaci sunan kakan da ya bar garin tun kafin a haifi dagacin, in ga ko akwai tsohon da zai tuna shi ya tsaya wa jikansa shaida. Ya rubuta mini sunan da na unguwarsu a bayan katin ɗaurin aure, ya haɗa ni da ƙwarya biyu ta farin goro, ɗaya ta dagaci, ɗaya ta duk wanda ya tuna.